Abin Da Likita Ke Ƙirgawa Sa'ad Da Ya Riƙe Hannun Majiyyaci

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa asibiti ya ga wannan abu da idonsa. Tun ba a kai ga maganar allura ko ƙwaya ba, sai malamin asibiti ya maƙala wa majiyyaci wani ɗan tsinke a hammata, ya kama wuyan hannunsa, ya zuba wa agogo ido, ya yi tsit kamar mai lissafin haraji. Can kuma sai ya ɗaura masa wani ƙyalle a damtse, ya hura iska ciki har ya matse, sa'an nan ya rubuta waɗansu lambobi a kati. Da yawa daga cikinmu mu kan ɗauka wannan duk sharar fage ce, mu ƙosa a wuce wurin a ba mu magani mu tafi. Mun sha jin mutane suna fitowa suna gunaguni, wai an cinye musu safiya ana ta aune-aune.

To, ba sharar fage ba ce. Hausawa sun ce jiki magayi, kuma haƙiƙa yana gayawa, sai dai ba da baki ba. Abubuwa huɗu ne a ke fara tambayarsa: zafinsa, da bugun jininsa, da numfashinsa, da ƙarfin da jini ke yi cikin jijiyoyi. Su ne likitoci ke kira alamun rai. Majiyyaci ya kan ɓoye ciwonsa don kunya, ko ya zuzuta shi don tsoro, jariri kuwa ba ya iya faɗin komai, amma waɗannan alamu ba su san kunya ba, ba su kuma san tsoro ba.

Dalilin da ya sa mu ke so mu yi wannan magana da akawuna da malaman makaranta musamman shi ne, a ƙauyen da ba likita, wurinsu a ke zuwa. Wanda ya iya karatu da rubutu, yana kuma da agogo, shi a ke tasa da tsakar dare a ce, "Malam, don Allah zo ka duba mana yaron nan." Ba muna cewa kowa ya zama likita ba ne, wannan kuwa mugun haɗari ne. Amma akwai tambaya guda wadda lalle wani ne zai amsa ta a wannan dare, watau ko a nemi mota yanzu, ko a bari sai gari ya waye. Biyu daga cikin alamun nan huɗu ba su bukatar komai sai agogo, ta uku kuwa ma'auninta ba shi da tsada. Wanda ya san su ya fi wanda ke dogara ga kallon fuska kusa da amsa daidai.

BUGUN JINI

Sauraron bugun jini tsohon ilmi ne ƙwarai, kuma malaman Musulunci sun yi zurfi a cikinsa. Ibn Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya yi dogon bayani a kansa cikin littafinsa na likitanci, Alƙanun. Ana ba da labari cewa an taɓa kai shi wurin wani saurayi da ya rame ya ƙi cin abinci, masu magani duk sun gaza. Sai ya riƙe wuyan hannunsa, ya sa wani ya riƙa ambaton sunayen unguwannin garin. Da aka zo kan wata unguwa sai ya ji bugun ya zabura. Aka ambaci gidajen unguwar, aka ambaci mutanen gidan, har aka faɗi sunan wata yarinya, bugu ya rikice sarai. Ibn Sina ya ce maganin wannan ciwo aure ne. Ko labarin ya faru haka ko an ƙara masa gishiri, darasin da ke ciki gaskiya ne: tsoro, da fushi, da murna duk suna sa zuciya sauri, saboda haka ba a auna mutum sai hankalinsa ya kwanta.

Abin da ya rage wa mutanen dā shi ne agogo. Suna iya cewa bugu yana da sauri, ko yana da rauni, amma ba su iya ba shi lamba. A 1628 William Harvey na Ingila ya nuna cewa zuciya famfo ce, ita ke tura jini ya zaga jiki ya komo, kuma abin da yatsa ke ji a wuyan hannu turin nan ne. Sai a 1707 wani likitan Ingila kuma, Sir John Floyer, ya buga littafi a kan wani agogo da ya sa aka ƙera masa don ƙirga bugun jini cikin minti guda. Tun daga nan hanya ta buɗe, ko da ya ke an daɗe kafin sauran likitoci su bi.

Ga yadda a ke yi. A bar mutum ya zauna ko ya kwanta ya huta kamar minti 5. A juya tafin hannunsa sama, a ɗora yatsa biyu, manuni da na tsakiya, a wuyan hannun, wajen da ke ƙarƙashin gindin babban yatsa. A danna kaɗan, ba da ƙarfi ba, domin wanda ya danne jijiya da ƙarfi ya tare jinin da ya ke nema. Kada mai awo ya yi aiki da babban yatsansa, don shi ma yana da nasa bugu, sai ka ga mutum yana ƙirga zuciyar kansa yana tsammani ta majiyyaci ce. Sa'an nan a dubi agogo a ƙirga har minti ɗaya cif. Waɗansu su kan ƙirga na daƙiƙa 30 su ninka biyu, wannan ba laifi in bugun yana tafiya daidai, amma ga mai koyo mun fi son minti cikakke.

Baligi mai lafiya, yana zaune, zuciyarsa ta kan buga tsakanin 60 da 100 a minti. Manomi ƙaƙƙarfa ko ɗan wasan guje-guje ya kan yi ƙasa da 60 kuma lafiyarsa lau. Yara sun fi manya sauri, jariri sabon haihuwa ya kan kai 120 zuwa 160, kada wannan ya firgita kowa. Malaman lissafi ga abin ba yara: in zuciya tana buga 70 a minti, sau nawa ke nan a yini da kwana? Amsa ita ce 100,800, kuma ba ta taɓa neman hutun ƙarshen shekara ba. Goro, da shayi mai kauri, da taba duk suna ƙara mata sauri, saboda haka in dattijo ya gama cin goro aka ji bugunsa ya ɗan hau, sai a jira a sake.

Ba lamba kaɗai a ke nema ba. A lura ko bugun yana da ƙarfi ko kuwa siriri ne kamar zare, a lura kuma ko yana tafiya daidai ko yana tsallake. Bugu mai sauri kuma siriri, ga jiki ya yi sanyi yana gumi, alama ce ta cewa jini ko ruwan jiki ya ragu ƙwarai. Ana ganin haka ga mai amai da gudawa, da wanda ya yi haɗarin mota, da mace mai zubar jini bayan haihuwa. A nan fa akwai abin da ya kamata kowa ya sani: jiki ya kan yi ta kokawa, zuciya ta ƙara sauri don ta rufe giɓi, har majiyyaci ya iya zama yana magana alhali jininsa yana ƙarewa. Bugu ne ke fara tona asiri, tun ƙarfin jini bai faɗi ba. Mai jego da bugunta ya wuce 100 yana ta hawa, ba a jira da ita.

ZAFIN JIKI

Uwa ta kan ɗora bayan hannunta a goshin ɗanta ta ce jikinsa da zafi, kuma sau da yawa ta yi gaskiya. Amma hannu ba ya ba da lamba, kuma ya kan ruɗi mai shi. Wanda ya fito daga wanke-wanke da ruwan randa, kowa ya taɓa sai ya ji shi zau. A watan bazara kuwa, yaron da ya kwanta a ɗakin kwano fatarsa ta kan yi zafi ba tare da zazzaɓi ba.

Wanda ya kafa wannan awo a asibiti wani likitan Jamus ne, Carl Wunderlich, na birnin Leipzig. Ya shekara da shekaru yana sa a auna majiyyata a rubuta, har ya tara awon mutum wajen 25,000, ya buga littafi a 1868. Shi ya ce zafin mai lafiya digiri 37 ne a ma'aunin Santigired, watau 98.6 a ma'aunin Farenhait. Ma'auninsa dogo ne, kuma sai ya yi kusan minti 20 a hammata kafin ya nuna. A daidai wannan zamani wani likitan Ingila, Clifford Allbutt, ya ƙago gajere mai tsawon inci 6, wanda ke shiga aljihu ya kuma gama aiki cikin minti 5. Daga baya an gane lambar nan 37 ba ƙa'ida ce da ba ta motsi ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1992 ya sami 36.8 a matsayin tsaka-tsaki, kuma kowane mutum jikinsa ya fi sanyi da asuba, ya fi ɗumi da yamma, da kimanin rabin digiri.

Abin riƙewa dai shi ne, daga 38 zuwa sama zazzaɓi ne, watau 100.4 a Farenhait. Awon hammata ya kan yi ƙasa da na baki da kamar rabin digiri, don haka 37.5 a hammatar yaro ma zazzaɓi ne, kuma lalle mai rubutawa ya faɗi inda ya auna. Wanda ya gaji tsohon ma'auni mai lambobin Farenhait, sai ya debe 32, ya ninka sau 5, ya raba gida 9. Misali 104, a debe 32 saura 72, sau 5 ya zama 360, a raba 9 ya ba da 40.

Tsofaffin ma'aunai na gilashi ne masu zaiba a ciki, sai an kaɗa su zaibar ta sauka kafin a sa, a kuma bar su minti 3 a ƙarƙashin harshe, ko 5 a hammata. Zaiba guba ce, shi ya sa ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013 don a daina ƙera irinsu, kuma in ɗaya ya fashe kada a bar yara su yi wasa da ƙwallayen nan masu walƙiya. Na yanzu masu batir ne, su kan yi ƙara in sun gama. Ko wane iri ne, a share hammata ta bushe, a sa kan ma'aunin can ciki, a manne hannu da jiki. Ba a sa wa ƙaramin yaro a baki, ba a kuma auna bakin wanda ya gama shan koko mai zafi ko ruwan sanyi sai an jira kamar minti 20. A wanke shi kafin a sa wa wani.

Wanda ke ganin wannan ɗan tsinke ba wani abu ba ne, ya tuna da shekarar 2014. A watan Yuli cutar Ebola ta shigo Ikko tare da wani matafiyi daga Laberiya. Ba a da maganinta a lokacin, ba a da rigakafi. Abin da ma'aikatan lafiya suka yi shi ne suka bi sawun duk wanda ya cuɗanya da masu ciwon, mutum kusan 900, ana duba zafin jikin kowannensu kullum har kwana 21, ana rubutawa. Wanda ma'auni ya nuna zazzaɓi sai a keɓe shi nan take. Ran 20 ga Oktoba na wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa cutar ta ƙare a Nijeriya. Da ma'aunin zafi da littafin rajista aka yi babban rabo na wannan yaƙi.

Amma fa ma'auni yana faɗin akwai wuta ne kawai, ba ya faɗin wanda ya kunna ta. Mun saba da ɗora kowane zazzaɓi a kan sauro, alhali taifod, da ƙyanda, da ciwon huhu, da sanƙarau duk da zazzaɓi su ke farawa, sai gwajin jini da duban likita ke rarrabewa. Zazzaɓi tare da sandarewar wuya, musamman a bazara, ba a kwana da shi a gida. Haka nan jaririn da bai kai wata 3 ba, in ya kai 38, asibiti kurum. Sanyi ma alama ce: jariri sabon haihuwa da awonsa ya sauka ƙasa da 35.5 yana cikin haɗari kamar mai zafi.

ƘARFIN JINI

Wannan shi kaɗai ne ke bukatar na'ura mai ɗan tsada, saboda haka za mu taƙaita. Wanda ya fara auna shi wani limamin coci ne a Ingila, Stephen Hales, ya kuma buga labarin a 1733. Goɗiya ya sa aka kayar, ya soka bututu cikin jijiyarta ya haɗa da dogon gilashi a tsaye, jini ya hau ƙafa 8 da inci 3. Ba wanda zai yarda a yi masa haka. Sai a 1896 wani likitan Italiya, Riva-Rocci, ya fito da ƙyallen nan da a ke hura wa iska, a 1905 kuma Korotkoff na Rasha ya gano cewa in an matse damtse har jini ya tsaya, aka riƙa sassautawa ana saurare da abin sauraron ƙirji, a kan ji wani ƙwanƙwasa. Inda ƙwanƙwasan ya fara ita ce lambar sama, watau ƙarfin jini sa'ad da zuciya ta matsa. Inda ya ɓace ita ce lambar ƙasa, sa'ad da ta saki. Abin da a ke nufi ke nan in an ce 120 bisa 80.

In awo ya riƙa kai 140 bisa 90 ko fiye, a ranaku daban-daban, shi ne hawan jini. Mugun halinsa shi ne ba ya ciwo. Mutum yana zuwa ofis, yana cin tuwonsa, yana jin garau, ran nan sai a ji ɓarin jikinsa ya shanye, a ce iska ce ta buge shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu hawan jini sun haura mutum biliyan ɗaya, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Muna ganin ma'aikaci mai zaman kujera wanda ya haura shekara 40 bai aunu ba cikin shekara guda, ya yi sakaci da iyalinsa. Mai ciki kuwa awon nan shi ne babban dalilin zuwanta awo, domin hawan jini bayan mako 20 na ciki shi ke gabatar jijjigar nan da ke kashe uwa da ɗa. Wanda ya sayi na'urar gida, ya zauna minti 5 tukuna, bayansa a jingine, ƙafafu a ƙasa, damtse daidai ƙirji, ba magana, ba goro ko taba rabin sa'a kafin nan.

NUMFASHI

Mun bar wannan a ƙarshe ne don shi ya fi kowanne arha, shi aka fi rainawa, kuma a ganinmu shi zai fi ceton rai a ƙauye. Ba ya bukatar ma'auni, ba ya bukatar ko taɓa majiyyaci. Duk da haka ko a manyan asibitocin duniya an sha bincikawa a tarar shi ne awon da aka fi tsallakewa, ko a rubuta 20 da ka ba a ƙirga ba. Alhali likitoci sun tabbatar sau da yawa numfashi ne ke fara canzawa, sa'o'i kafin majiyyaci ya rikice.

Shiga da fita, numfashi ɗaya ke nan. Baligi yana hutawa ya kan yi 12 zuwa 20 a minti. In ya kai 25 yana kwance ba aikin komai, ko ya sauka 8, akwai magana. Sai dai akwai wata 'yar dabara. Mutum ba ya iya ba zuciyarsa umurni, amma yana iya ba ƙirjinsa, kuma da zarar ka ce masa za ka ƙirga numfashinsa ya ɓata maka lissafi. Don haka malamin asibiti, in ya gama ƙirga bugun jini, ba ya sakin hannun. Ya kan ci gaba da riƙewa kamar bai gama ba, idonsa kuwa yana kan ƙirji. Wanda ya taɓa mamakin daɗewar da a ke yi ana riƙe da hannunsa, ga dalili.

Ga yara ƙanana ne abin ya fi nauyi. Ciwon huhu, wanda a asibiti a ke kira namoniya, mutanen gida kuwa su kan ce sanyin haƙarƙari, ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 700,000 a duniya a shekarar 2019. Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2018 Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan wannan rashi, da yara kimanin 162,000. A raba wannan lamba da kwanakin shekara a gani, ya haura yaro 400 kowace rana. Abin baƙin ciki kuwa, maganinsa sananne ne, ba shi da tsada, yana kuma aiki in an fara da wuri. Jinkiri ne ke kisa. Ciwon ya kan fara kamar mura, da tari da majina, irin wadda kowane yaro ke yi da hunturu, iyaye su ce ai sanyi ne, a shafa mai, a ƙara bargo, a jira. Ta yaya za a rarrabe murar da za ta wuce da kanta da wadda ta sauka huhu?

Amsar tana cikin agogo. In huhu ya kumbura ruwa ya taru a ciki, iskar da yaro ke samu a kowane numfashi ta kan ragu, sai jiki ya rama da sauri. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da lambobi uku don ma'aikatan ƙauye waɗanda ba su da hoton ƙirji. Jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye a minti sauri ne. Daga wata 2 har ya kusa cika shekara, 50 ko fiye. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Yaro mai tari wanda ya kai lambarsa, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya a ranar, kada a tsaya sayen kafso a kasuwa. Muna roƙon kowane malami ya rubuta waɗannan lambobi uku, 60 da 50 da 40, a bangon littafinsa.

Sai yaro ya natsu a ke ƙirgawa, yana barci ko yana kan cinyar uwarsa, domin mai kuka ba a samun gaskiyar numfashinsa. A ɗaga rigarsa a dubi ciki ko ƙirji. Lalle ne a cika minti guda, gama jarirai su kan yi sauri, su ɗan tsaya, su sake, wanda ya ƙirga rabin minti ya ninka zai yi kuskure. In an yi shakka a maimaita. Tun da riga tana sama, a dubi ƙasan haƙarƙari kuma. Ga mai lafiya, in ya ja iska ƙirji da ciki su kan taso tare. In kuwa ƙasan ƙirjin yana lotsawa ciki duk sa'ad da ya ja iska, alhali ba kuka ya ke yi ba, yaron yana wahalar numfashi ke nan, ko da lambar ba ta kai ba.

Akwai kuma lokacin da ba a tsayawa ƙirga. Yaron da ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko yana jijjiga, ko an tashe shi ya kasa farkawa sosai, wannan ɗauka a ke yi a tafi.

A asibitoci yanzu a kan maƙala wani ɗan abu a yatsa wanda ke nuna yawan iskar da jini ya ɗauka, ƙasa da 90 cikin 100 haɗari ne. Yana da amfani ƙwarai, amma bincike ya nuna ya kan yi wa masu baƙar fata ƙari, ya nuna lamba mai kyau alhali iska ta yi ƙasa. Don haka ko inda a ke da shi, ba a daina duban ƙirji da agogo ba.

Saura magana guda, wadda ta shafi akawu fiye da kowa, ita ce rubutu. Awo ɗaya kamar shafi ɗaya ne da aka yago daga littafin kuɗi, ba ya nuna ko baitulmali na cika ko na zurarewa. A ce an auna wani da ƙarfe 8 na safe aka sami bugu 84 da numfashi 18, da azahar 100 da 22, da la'asar 118 da 27. Kowace lamba ita kaɗai wani zai iya ce mata da sauƙi, amma wanda ya jera su ukun ya san inda aka dosa. A sami takarda a ja layi, a rubuta kwanan wata, da lokaci, da zafi da inda aka auna shi, da bugu, da numfashi. A rubuta kuma duk maganin da aka ba shi da sa'ar da aka ba shi, gama ƙwayar zazzaɓi ta kan saukar da zafi na 'yan sa'o'i ciwo kuwa yana nan, likita ya auna ya ga 37 ya ruɗu. Abin da ba a ƙirga ba kada a rubuta shi, gara a bar gurbin fari.

Mun sani malami namiji ba kowane ɗaki ya ke shiga ba, kuma yaro marar lafiya yana hannun mata ne dare da rana. Saboda haka ilmin nan ba zai yi amfani sosai ba sai ya shiga cikin gida. Maigida ya koya wa iyalinsa, yawancin wayoyin hannu ma suna da agogo mai nuna daƙiƙa. A makaranta kuwa darasi ne na rabin sa'a: yara su zauna biyu biyu, kowa ya ƙirga bugun abokinsa da numfashinsa, a rubuta a allo, a sa su zaga fili da gudu, su komo a sake ƙirgawa, a kwatanta. Manyan 'yan mata na aji su ya kamata a fi ba ƙarfi, don su ke goyon ƙanne yau.

In an isa asibiti a miƙa takardar ga malamin da ke karɓar majiyyata, a gaya masa da irin agogo da ma'aunin da aka yi aiki. Zai sake nasa awon daga fari, kada mai takarda ya ji haushi, haka ƙa'idar aikinsa ta ke. Zai ɗora lambarsa a ƙarƙashin naku ne, ya ga tun yaushe ciwon ya fara hawa.